Katifar da Ba ta Lotsa Ba

Ku samarin da kuke tsayawa bakin rumfata kuna kallona ina ɗinki, na san abin da kuke faɗa idan kun ba da baya. Wai me ke da wuya a katifar rimi, ba buhu ba ne a ɗura masa auduga a ɗinke bakinsa? Wani cikinku ya taɓa ce mini in da zai samu basilla, yini ɗaya ya ishe shi ya ƙware. Na miƙa masa basillar. Kafin la'asar ya huda babban yatsansa, ya shaƙi rimi ya yi ta atishawa har da hawaye, abin da ya ɗinka kuwa ko akuya sai ta yi shawara kafin ta kwanta a kai. Ban yi masa dariya da yawa ba, don ni ma da haka na fara.

Sunana Iro, amma daga Ƙofar 'Yandaka har Babbar Kasuwa, in ba ka ce Iro Mai-katifa ba babu wanda zai nuna maka ni. Mahaifina ya kai ni wurin Malam Sada a shekarar da soja suka fara miƙa mulki ga farar hula, ina ɗan saurayi mai ji da kansa. Malam Sada gajere ne mai ƙaramar murya, gashin girarsa kullum fari fat da ƙurar rimi. Na zaci ranar zai ba ni basilla, wato babbar allurar nan da muke ɗinki da ita. Sai ya ba ni tsumagiya biyu, ya nuna mini tulin rimi a rana.

Bugun rimi shi ne farkon aikin, kuma shi ke korar masu koyo. Rimi yana zuwa daga ƙauye a buhu, a dunƙule, da 'ya'yansa da ɓawonsa da ƙasa. Za ka shanya shi ya sha rana, ka ɗaure hanci da ƙyalle, ka durƙusa ka yi ta bugu da hannu biyu har ya tashi ya yi laushi, 'ya'yan su zube ƙasa. In ka bar su a ciki, ɓera zai bi su ya huda katifar mutane, a dawo maka da ita ana zaginka a zuci. Wuta kuwa ba ta kusantar wurin. Na ga ranar da Malam Sada ya kori wani babban Alhaji daga rumfa don ya shigo da taba sigari a hannu. Alhajin ya fita ya kashe ta, ya dawo ya ba da haƙuri. Na fi shekara ina bugu kafin a yarda in sa hannu cikin rigar katifa.

Ɗurawa ma da irin tata wahalar. Daga kusurwa ake farawa, ka tura hannu har kafaɗa, sannan ka bi da tafin hannu kana jin inda ya yi tudu da inda ya yi rami. Sai ƙulle-ƙullen da ake yi a jikinta don kada rimin ya gudu gefe guda. Zare kuwa sai an goga masa kakin zuma, in ba haka ba damina ɗaya zai ruɓe. Basillar da nake aiki da ita yau ta Malam Sada ce. Ta ɗan lanƙwashe daidai yadda yake riƙe ta, nawa hannun ne ya bi ta ya saba.

Amma abin da ya fi ba ni wuya wurin Malam Sada ba bugu ba ne, tambaya ce. Ba ya bari a yanka yadi sai ya yi wa mai katifa tambayoyin da ni a lokacin nake jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Kai kaɗai za ka kwanta ko da iyali? Ta wane gefe kake kwanciya? Bayanka na ciwo? Akwai yaro mai fitsarin kwance? Wata rana wata dattijuwa ta zo yi wa jikarta katifa, ya ce in tambaye ta, na tsaya ina sosa ƙeya har shi da kansa ya yi tambayar. Da ta tafi ya dube ni ya ce, "Iro, kunyar mi kake ji? In ka ƙi tambaya, mutum shi kwashe shekara yana juyi bisa aikinka. Ka tambayi abin yanda yake, kada ka kewaya."

Shi ne kuma ya koya mini duba tsohuwar katifa. Katifar rimi ba a yar da ita. In ta kwanta sai a kawo mana mu farke, mu sake bugu, mu ƙara sabo mu ɗinke. Kafin ka farke sai ka shimfiɗa ta ka duba inda ta lotsa. Gurbin mai ƙiba daban, na mai kwanciya a gefe daban. Ta mata da miji gurbi biyu ce, in kuwa da jariri za ka ga ɗan ƙaramin wuri ta jikin bango. Daga nan kake sanin inda za ka ƙara rimi. Dokar Malam Sada a nan ɗaya ce, abin da ka gani a katifar mutum a bakinka zai tsaya, ba a kai shi majalisa.

Da ya tsufa ya bar mini rumfar, Allah Ya jiƙansa da rahama. Maƙwabcina ta hagu Mamman ne mai injin niƙa, wanda injinsa ke ruri daga hantsi har magariba. Ta dama kuma Rabe Tela, shi ke ɗinka mini rigunan katifa a kekensa, ni in ɗura. Rabe sa'ana ne, a kwano ɗaya muke cin abincin rana. Mutum ne mai barkwanci, rediyonsa ba ya shiru, bakinsa ma haka. Bai taɓa kirana Iro ba, sai dai Sarkin Ƙura, wai don duk inda na zauna sai an kaɗe. Yana da wani baƙin almakashi da ya gada wurin maigidansa, ba ya bari kowa ya taɓa. Ko zare ka ce ya ara maka ka yanke, sai ya ce ka yi da haƙori.

Shekarar da soja suka sake miƙa mulki ita ce mafi muni a sana'ata. Katifar soso ta daɗe tana shigowa, amma a wannan shekarar ta ƙwace kasuwa gaba ɗaya. Kuɗin siyasa ya fantsama gari, duk wanda ya samu ɗan abin hannu sai shagon soso. Uwar amarya ta ce ba za a kai mata 'ya da katifar ƙauye ba. Ga rimin kansa ya yi wuya, an sassare itatuwan an yi katako. Sai in yini ina korar ƙuda, in an tausaya mini a kawo matashin kai in gyara.

Rabe kuwa aiki ne ya yi masa yawa. Tutocin jam'iyyu, riguna masu hoton 'yan takara, ankon matan da ake kwasa zuwa taro, kuma kowa so yake ya karɓa gobe da safe. Ya daina zuwa gida. Ya koma rayuwa a kan shayi mai kauri da goro, daga baya yaran 'yan siyasa suka fara kawo masa ƙwayar hana barci. In na zo da safe sai in tarar da shi yadda na bar shi, idanu jajur, ƙafa na taka keke. In na ce ya kwanta ko kaɗan, sai ya ce, "Bari a gama zaɓen ga, Sarkin Ƙura, in yi barcin wata guda."

Aka gama zaɓe, aka rantsar da sababbin shugabanni, tutocin suka koma ƙyallen goge babur. Rabe ya daina shan ƙwayar, ya koma kwana gida, amma barcin da ya yi wa alkawari bai zo ba. Da farko ya ɗora laifin a kan tsohuwar shimfiɗarsa. Ya ce in yi masa katifa irin wadda ake yi wa sarakai. Na yi masa tambayoyina, ya ce shi kaɗai ne a ɗakinsa, kuma a gefen dama yake kwanciya. Shi ya ɗinka rigar da kansa, shuɗin yadi mai ratsin fari, ni kuma na zuba mata rimin da nake ɓoyo don babban aiki. Na buge shi har sai da ya zama kamar kumfa.

Ba a jima ba ya dawo da ita, wai akwai ƙulli yana sukar haƙarƙarinsa. Na laluba ban ji komai ba, amma na gyara. Ya sake dawo da ita, wai ta yi tauri. Na rage. Ya kuma dawowa, wai yanzu ta yi laushi da yawa. Raina ya ɓaci, na ce masa in soso yake so ya faɗa, shagon ba nisa. Ya ɗauki abarsa ya tafi. Rabe na da, da sai ya mayar mini da baƙar maganar da za ta sa layin ya yi dariya har la'asar.

Daga nan muka ga yana canjawa. Rediyon ya yi shiru. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. In na ajiye kwano sai ya yi loma biyu ya ce ya ƙoshi. Ya yanka shaddar wani mutum ba daidai ba, abin da bai taɓa yi ba, da mutumin ya yi magana ya hau shi da faɗa. Wasu a layin suka ce sammu aka yi masa saboda aikin da ya samu lokacin zaɓe. Wasu suka ce ai shiriya ce ta zo masa, tunda yanzu ya fi kowa daɗewa a masallaci kuma ya bar surutu.

Wata ranar Laraba da hantsi, a tsakiyar damina, ya zo da katifar a ka ya sauke ta a rumfata. Ta yi watanni a wurinsa tun gyaran ƙarshe. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da tsohuwata da ke ƙauye. Sannan ya ce, "Ka ba wani mabuƙaci sadaka, ni na gama da ita." Ya sa hannu aljihu ya fito da baƙin almakashin nan ya ajiye a gabana. "Riƙe wanga kuma. In na taɓa yi maka wani abu, ka yahe mani."

Kafin in buɗe baki ya wuce wurin Mamman. Haka ya bi layin rumfa rumfa, yana ba kowa hannu yana neman gafara. Ku kun san a garin nan wa ke bin mutane yana neman gafara da ƙafarsa, mai tafiya Makka ne. A lokacin kuma zancen da ake yi ke nan, wai sababbin shugabanni za su raba wa waɗanda suka yi musu wahala kujerun hajji. Sai Mamman ya ɗaga murya ta fi ta injinsa, "Jama'a, Rabe Makka za shi! Ɗan takararshi ya ba shi kujera!" Nan da nan layi ya ɗauka. Wannan ya ce Allah Ya sa a yi karɓaɓɓiya, wancan ya ce kada a manta shi da dabino da ruwan zamzam. Rabe ya yi ɗan murmushi, bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya koma shagonsa.

Ni ba ni da aikin yi, sai hannuna ya yi abin da ya saba. Na shimfiɗa katifar na duba. Tsakiyarta tana nan yadda na ɗura ta, ka danna ta taso. Gefen dama inda ya ce yana kwanciya, ko alamar kafaɗa babu. Wuri ɗaya ne ya mutu, a baki, daidai faɗin mazaunin mutum. Nan rimin ya danne ya yi tauri, yadin ya koɗe har yana ƙyalli. Ban taɓa ganin katifa irin wannan ba, amma ba ta da wuyar ganewa. Mutumin nan ba kwanciya yake yi ba, zama yake yi a bakinta har gari ya waye, kuma ba jiya ya fara ba.

Na dubi almakashin. Na tuna ko azumi ba a yi ba, balle a yi zancen tashin alhazai. Kuma tela mai tafiya Makka ba ya kyautar da almakashinsa, ai zai dawo ya ci gaba da ɗinki. Na tura almakashin ƙarƙashin buhu, na shiga shagon Rabe. Na same shi yana lulluɓe kekensa da zane, da rana tsaka.

Na zauna a benci na ce, "Rabe, yaushe rabonka da barci?"

"Ina yi mana."

"Na duba katihwar. Ba ka kwanciya bisanta, bakinta kake zama."

Ya daɗe yana gyara zanen da ya riga ya gyaru. Can ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Ya ce, "In na sa haƙarƙari ƙasa, kaina shi yi ta gudu kamar keken ga, ba mai taka shi amma ba ya tsayawa. Duk abin da na taɓa ɓatawa tun ina yaro shi dawo mani. Ina nan zaune sai in ji kiran assalatu. Na gaji, Iro. Na zame ma Hajara da yara kaya. Gara in huta, su ma su huta."

Hajara matarsa ce. Kuma wannan ne karo na farko da ya kira ni Iro. Na ji tsoro ƙwarai. Tambayar da ke bakina ta fi duk wadda Malam Sada ya taɓa sa ni yi nauyi, don a garinmu ba a yi wa Musulmi ita. Kowa zai ce ai mai salla ba ya wannan tunani, shi ya sa babu mai tambaya. Na ji kamar in kewaya, in ce masa ya yi haƙuri, kowa da irin tasa jarrabawar. Sai na tambayi abin yadda yake.

"Rabe, tunanin kashe kanka kake yi?"

Ya ɗago ya dube ni. Na ɗauka zagina zai yi. Sai ya gyaɗa kai, ya rufe fuska da hularsa ya fashe da kuka. Da ya samu magana ya ce, "Ina jin tsoron Allah, wallahi ina ji. Amma tunanin ga ba ya bari na. Na rasa wanda zan hwaɗa ma."

Ban yi masa wa'azi ba. Ya fi ni sanin hukuncin, sanin ma yana cikin abin da ke cinsa. Na sauko ƙasa na zauna kusa da shi, na bar shi ya yi ta magana har ya gaji. Sannan na ce masa daga yau ƙafata ƙafarsa. Ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Na ce layi ba zai ji daga bakina ba, amma yayansa Malam Abu da Hajara sai sun ji, kuma yau. Na leƙa na ce wa Mamman Rabe ba shi da lafiya, ya hau babur ya ɗauko mana Malam Abu a Ƙofar Marusa, inda yake sayar da yadi.

Malam Abu dattijo ne mai natsuwa. Da ya ji, ya yi salati, sannan ya ce zai sa a yi masa rubutu da saukar Alƙur'ani. Na ce, "Malam, a yi rubutun, a yi sauka, amma mu tahi asibiti yanzu." Rabe ya ce shi ba inda za shi. "Cewa za a yi na haukace. Wa zai sake kawo mani ɗinki?" Malam Abu ya kama hannunsa ya ce, "Ko ba a sake kawo maka ƙyalle ba har abada, ni ƙanena nake so. Tashi mu tahi." Ya tashi.

Likitan da ya gan mu matashi ne, mai sanyin magana. Tambayarsa ta farko ita ce tawa, yaushe rabonka da barci. Ya saurari Rabe shi kaɗai, sannan ya kira mu. Ya ce rashin barci da ciwon damuwa juna suke turawa, wannan ya ƙara wancan, in abin ya daɗe sai ƙwaƙwalwa ta riƙa nuna wa mutum babu mafita alhali akwai. Ya ce ciwo ne kamar kowane ciwo, ba rashin imani ba ne, kuma yana da magani. Suka riƙe shi 'yan kwanaki. Da za a sallame shi aka ce kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, ya sha magani a kan lokaci, ya rabu da shayi mai kauri, ƙwayar nan kuwa ko kusa. Almakashin ya ci gaba da zama a wurina.

Kada ku ɗauka daga asibiti sai warkewa. An sha fama. Wata rana ya wayi gari da ɗan haske a fuska, washegari ya koma kamar ba a fara ba. Muka raba aiki, Malam Abu da Hajara su kula da shi a gida, ni kuma da rana, tunda ba abin da nake yi. Sai ya yini a rumfata yana goga wa zare kaki, zaren da ba ni da katifar da zan ɗinka da shi. Ranar komawa asibiti in rufe rumfa mu tafi tare. Layi ya gane ba Makka ba ce, abin da suka sani shi ne Rabe na fama da rashin barci. Mamman ya daina zancen kujera, kullum kuma sai ya aiko da fura.

Ana cikin haka wata Hajiya daga Ƙofar Marusa, wadda bayanta ya ƙi soso, ta sa na yi mata katifa. Shi ne babban aikin da na samu a duk daminar. Na gama na shimfiɗa ta a rumfa ina jiran a zo ɗauka. Bayan azahar Rabe ya zauna a bakinta, yadda ya saba zama. Ina ɗinkin wani matashi sai na ga ya kishingiɗa. Can ya miƙe ƙafa. Can kuma na ji abin da na daɗe ina roƙon Allah in ji, Rabe na minshari.

Na tashi a hankali na tafi wurin Mamman. Mata sun yi layi da kwanonin dawa da masara. Na raɗa masa a kunne, ya dube ni, ya miƙa hannu ya kashe injin. Mata suka fara mita, ga tuwon dare na jiransu. Mamman ya ce, "Ku yi haƙuri, iyayena, maras lahiya ne ya samu barci." Sai suka nemi inuwa suka zauna, suna hira ƙasa-ƙasa. Tunda nake a layin ban taɓa jin shiru irin na ranar ba.

Sai ga Hajiya ta iso da mai kurar da zai ɗaukar mata kaya. Na tare ta a waje, muka gaisa, na ce mata katifa ta gamu amma akwai mutum a kai, na gaya mata ba shi da lafiya. Na shirya jin faɗa, don ba kowa zai yarda a kwanta masa a sabuwar katifa ba. Ta leƙa ta dube shi, baki buɗe, hannu ɗaya na lilo. Ta ce, "Bar shi, Malam Iro. Katihwar da ta sa bawan Allah barci haka ita nake so. Na aiko gobe."

Bai farka ba sai da rana ta yi sanyi. Ya tashi zaune yana mutsuttsuke ido, ya saurara, ya ce, "Sarkin Ƙura, injin Mamman ya lalace ne?" Na ce e, ya lalace. Na zagaya bayan buhuna na yi kuka don daɗi. Da na fito ya ce me ya samu idona, na ce rimi ne.

Daga ranar abin ya fara sauƙi, a hankali, da magani da addu'a da zuwa wurin likita. Barcin ya koma dare inda ya kamata. Ya buɗe shago, rediyo ya dawo. Da likita da Malam Abu suka ce babu komai, na mayar masa da almakashinsa. Ya ɗaga shi a rana ya duba kaifin, ya ce wallahi na yanka buhu da shi. Ɗinki kuwa bai daina zuwa ba, har yau shi ke yi wa rabin unguwar kayan salla.

In na tuna wannan shekara godiya nake yi. Ina gode wa Allah, ina gode wa likitan nan da ban ma riƙe sunansa ba, da Malam Abu, da Hajara da ta yi watanni tana barci da kunne ɗaya, da Mamman da ya kashe injinsa. Ina yi wa Malam Sada addu'a don ya cire mini kunyar tambaya. Har katifar soso ina gode mata, ko da yake ba na so ta ji. Da a shekarun da aiki ke bina ne, da na jefa katifar Rabe kan tuli in ba da ita ranar Juma'a, in bi sahun masu cewa a sawo musu dabino.

Rabe ne da kansa ya ce in riƙa ba ku wannan labari, musamman ku masu acaɓa da kuke haɗa dare da rana da ƙwaya a aljihu. In abokinka ya daina barci, ya daina dariya, ya fara rabar da kayan sana'arsa yana neman gafara ba tafiya a gabansa, kada ka tsaya hasashe. Ka tambaye shi kai tsaye, tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Kada ka bar shi shi kaɗai, ka nemi nasa, ku kai shi asibiti.

Shuɗiyar katifar nan ban ba da ita sadaka ba. Na buge bakin da ya mutu, na mayar masa da ita tun yana jinya. Bayan damina biyu, wata safiya sai ga Rabe da ita a ka. Ya jefar da ita a gabana ya ce, "Sarkin Ƙura, aikinka ba shi da ƙwari. Dubi yanda ta lotse, kamar kwalekwale."

Na shimfiɗa ta. Ga gurbi nan a gefen dama, tsawon mutum guda, da wurin kafaɗa da wurin ƙugu, mai zurfi. Bakinta kuwa yana nan a tashe yadda na gyara shi. Na sa tafin hannuna cikin gurbin na daɗe ban ɗauke ba. Rabe ya ce me nake jira, in farke mana, shi a kan me zai kwana yau. Na ce ya je ya ari tabarma.

Ranar ban farke ta ba. Ita ce katifa ɗaya da na karya dokar Malam Sada a kanta. Na bar ta a shimfiɗe a bakin rumfa har magariba, duk wanda ya wuce ya ce ta wane ne wannan da ta lotsa haka, in ce masa ta Rabe ce.